Sai an gwada akan san na ƙwarai

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, na gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela, yau maganarmu a kan gwajin magunguna take. A cikin ƴan shekarun nan an yi manya-manyan gwaje-gwaje a ƙasarmu, a jihohin Doso da Tawa da Maraɗi. Ƴaƴan talakawa ne suka sha maganin. Iyayensu mata ne suka amsa tambayoyi. Masu gari ne suka tara jama'a a ƙofar fada. Da aiki ya ƙare, aka rubuta sakamako da Ingilishi a manyan jaridun likitoci na Amurka da Ingila. Masanan duniya suka karanta, suka yi muhawara a kai. Amma in ka shiga kasuwar Galmi ko ta Badagishiri ka tambayi mutum goma abin da aka gano, da wuya ka sami ɗaya da ya ji. Mu a ganinmu wannan bai dace ba. Wanda ya sha rana a gona shi ya kamata ya fara sanin yawan dammunan da ta bayar. Saboda haka za mu kawo muku labarin, tare da abin da muka fahimta a cikinsa.

Gonar gwaji

Kowane manomi ya san gonar gwaji. In malamin gona ya zo da sabon irin hatsi, ya ce ya fi namu saurin nuna, ba ma ɗaukar maganarsa haka nan. Sai a raba gona biyu. A shuka sabon iri a gefe ɗaya, irin gida a ɗaya gefen. Ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, taki ɗaya. In kaka ta yi a ɗaure dammuna a ƙidaya. A nan gardama take ƙarewa. Amma in mai gwajin ya ba sabon iri wurin da shanu suka kwana, ya bar wa namu faƙo, to ya yi ha'inci, ƙidayarsa ba ta da amfani.

Haka likitoci ke yi da magani. Sukan raba mutane ko garuruwa kashi-kashi. Ba su zaɓa da son rai, ƙuri'a ake jefawa. Wani kashi a ba su maganin gaske. Wani kashi a ba su abu mai kama da shi a launi da ɗanɗano, amma babu magani a cikinsa, kuma ba ya cutarwa. Mai sha bai san wanne ya sha ba. Mai bayarwa ma bai sani ba. Sai ranar ƙidaya ake buɗe asiri.

Me ya sa ake wannan wahala? Domin ciwo da yawa yakan tafi da kansa. Yaro ya yi kwana uku da mura, a rana ta huɗu ya tashi yana wasa, sai maganin da ya sha a ƙarshe ya kwashe yabo. Da irin wannan yabon ne masu tallar magani da lasifika suke cin abinci. Su ba su ƙidaya waɗanda suka sha ba su warke ba.

Maganin amodari da ya rage mutuwar yara

Da yawa daga cikinmu sun san maganin da ake rabawa gari-gari saboda amodari, ciwon idon nan da ke juya gashin ido ciki har ya makantar da mutum. Sunan maganin azitromisin. A ƙasar Habasha, a shekarar 2009, masu bincike suka ba da labarin wani abu da suka lura da shi. A garuruwan da aka raba wannan magani saboda ido, ƙananan yara ba su mutuwa kamar a sauran garuruwa. Ba su yi saurin buga ganga ba. Suka ce sai an gwada.

Aka shirya babban gwaji mai suna MORDOR a ƙasashe uku: Nijar da Malawi da Tanzaniya. A nan Nijar an yi shi a jihar Doso. Yara wajen dubu 190 suka shiga, daga mai wata 1 zuwa mai wata 59. Ana ba su maganin sau biyu a shekara, har shekara biyu. Sakamako ya fito a 2018. In an haɗa ƙasashen uku, mutuwar yara ta ragu da kashi 13 da rabi cikin 100. A Nijar kaɗai ta ragu da kashi 18. A Malawi wajen kashi 6 ne, a Tanzaniya wajen kashi 3. Wato maganin ya fi amfani inda yara suka fi mutuwa. Wannan ba abin alfahari ba ne a gare mu, amma ita ce gaskiya. Da aka bi gidajen da aka yi rashi a Doso aka tambayi iyaye, sai aka ga mutuwar da ta ragu ita ce ta zazzaɓin cizon sauro da atuni da sanƙarau da ciwon huhu.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta duba wannan sakamako. Ta ce ƙasashen da yara ke mutuwa da yawa suna iya raba maganin, amma ga jarirai kawai, daga wata 1 zuwa wata 11. Tana da dalilinta, za mu zo kansa. To, ko ba jarirai kaɗai ya isa? Wannan tambaya ce ta kawo gwaji na biyu, mai suna AVENIR, kuma shi ne ya shigo jiharmu ta Tawa bayan Doso. An yi shi daga 2020 zuwa 2023, a garuruwa 3,000, da yara fiye da dubu 380. Aka raba garuruwan kashi uku. A kashi na farko duk yaran da ba su kai shekara 5 ba sun sha maganin. A kashi na biyu jarirai kawai. A kashi na uku babu wanda ya sha na gaske.

Wani zai ce: ashe an hana wasu yara magani ke nan? Tambaya ce mai kyau. A lokacin babu wanda ya san tabbas wace hanya ta fi. Ba a kuma hana kowane yaro zuwa likita ba in ya kwanta ciwo. Sannan an tsara gwajin yadda in wani kashi ya fara nuna rinjaye, sababbin garuruwan da ke shiga sun fi faɗawa cikinsa.

A 2024 sakamako ya fito. A garuruwan da ba a sha na gaske ba, cikin kowane yara 1,000, wajen 14 ke mutuwa a shekara. A garuruwan da duk ƴan ƙasa da shekara 5 suka sha, wajen 12 ne. Kada wani ya ce yara biyu kawai. A tambayi uwar ɗaya daga cikin biyun. Kuma mu yi lissafi: in yara 2 ne cikin dubu, to cikin yara dubu 100 an tsirar da 200 ke nan kowace shekara.

Ga inda muka fi so ku saurara. A garuruwan da aka ba jarirai kaɗai, ragin bai taka kara ya karya ba, har masu binciken ba su iya rantsuwa cewa maganin ne ya kawo shi ba. Amma a garuruwan da yayyensu ma suka sha, jariran sun fi tsira. Masu binciken suna ganin manyan yara ne ke kwaso ƙwayoyin cuta daga wurin wasa su kawo wa na goye. In an wanke yayye, ƙane ya huta.

An ga irin wannan a wani ciwo daban. A bazarar 2017 sanƙarau ya ɓarke a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi. Ma'aikatar lafiya da ƙungiyar likitoci ta MSF suka yi gwaji a garuruwa 49. In an sami mai ciwon, a wasu garuruwa shi kaɗai ake yi wa magani, kamar yadda aka saba. A wasu ana ba mutanen gidansa ƙwaya ɗaya-ɗaya ta wani magani mai suna siprofuloksasin. A wasu kuwa gari duka ake ba, cikin kwana 3 da samun labari. Inda aka ba ƴan gida kawai, bambanci kaɗan aka gani. Inda aka ba gari duka, masu kamuwa sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Ciwo daban, wuri daban, amma magana ɗaya. Cuta ba ta san darni ba. Mun san haka a wajen tsuntsaye. In kai kaɗai ka kori jan-baki daga gonarka, sai su sauka a ta maƙwabcinka, gobe da safe su dawo. Korar tsuntsu aikin gayya ce, haka ma irin wannan rigakafi. Saboda haka mai ɓoye ɗansa a ɗaki ranar rabon magani ba kansa kaɗai ya cuta ba, har da jaririn gidan kusa.

A nan muna da magana da magidanta. Ƙasarmu ƙasar tafiya biɗa ce. Da an gama aikin kaka, maza da yawa sun kama hanyar Najeriya ko Abijan ko arewa. Ma'aikatan lafiya su zo gari, mace ta ce maigida ba ya nan, ba ta da izini. Ba laifinta ba ne, tarbiyya ce. Maigida, kafin ka ɗauki jaka, ka bar izini a fili, a gaban mahaifiyarka ko ƙanenka: in an zo rabon magani ko allura daga likita, a ba yara. In ciwo ya zo, a tafi likita, kada a jira wayarka.

Abin da OMS ke tsoro

Yanzu mu koma ga dalilin OMS. Masu lambun albasa a Galmi da Tsernawa sun san yadda ƙwari ke sabawa da maganin feshi. Maganin da ke kashe su nan take a da, yau sai a fesa su yi kamar an yi musu wanka. Ƙwayoyin cutar da ke jikin mutum ma haka suke. In suna haɗuwa da magani kullum, musamman in bai kai ƙima ba, masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. A gwajin Doso an auna wannan. An ga ƙwayoyin cuta masu jure wa azitromisin sun ƙaru a hanci da cikin yaran garuruwan da suka sha. Ke nan maganin yana da riba, yana kuma da bashi. Shi ya sa hukuma ce ke tsara rabonsa: sau biyu a shekara, a auna wa kowane yaro gwargwadon girmansa, ana kuma bin sawu ana dubawa.

Tsoronmu shi ne wani ya karanta wannan labari ya ce ya sami sirri. Gobe ya tafi wurin mai tebur ya sayi azitromisin, ya riƙa ɗura wa ɗansa duk ranar da jikinsa ya yi ɗumi. Muna zaune a bakin iyaka. Ƙwayoyi da kafso suna shigowa ta kowace kafa, ana sai da su tare da goro da ashana, cikin rana da ƙura. Wani na jabu ne, wani ya lalace, wani na gaske ne amma ba na ciwon ba ne. Abin da aka gwada a Doso da Tawa shi ne rabo ga gari duka, a lokaci ɗaya, da awo. Babu wanda ya gwada shan kafso biyu daga tebur ya ga ya tsirar da yaro. Mai yin haka yana koya wa cuta kokawa ne. Ranar da ciwon huhu na gaske ya kama ɗansa, a kai shi asibiti, maganin ya ƙi ci.

Kuma ba ko'ina maganin ke aiki ba. A Burkina Faso da Mali an gwada haɗa shi da maganin rigakafin zazzaɓi na damina. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna bai ƙara komai ba. Masu binciken ba su ɓoye ba, suka rubuta haka. Wannan ma yana cikin abin da ya sa muke yarda da su. Ba mu taɓa jin mai tallar magani ya ce nasa ya kāsa ba.

Tunda mun ambaci maganin damina, bari mu tsaya kansa kaɗan. Shi ne wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata, tun daga watan Yuli har ƙarshen damina. OMS ta amince da shi a 2012, bayan gwaje-gwaje a ƙasashen yankinmu sun nuna yana hana wajen kashi 75 cikin 100 na zazzaɓin cizon sauro. Nijar ta fara a 2013. Kwana uku ake shansa kowane wata. Ranar farko ma'aikaci ke bayarwa da hannunsa. Na rana ta biyu da ta uku uwa ake bar wa. A nan ake samun ɓaraka. Wata ta ajiye sauran sai ranar da yaro ya yi zazzaɓi. Wata ta raba da babban wansa. Wannan kamar mutum ya yi noman fari ne ya ƙi yin maimai. Kashi 75 ɗin nan na masu cika kwana uku ne.

An kuma sami allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, abin da aka daɗe ana nema. A wani gwaji a Burkina Faso da Mali, da yara kusan 6,000, an haɗa allurar da maganin damina. Sakamakon 2021 ya nuna yaran da suka sami biyun sun fi masu shan maganin kaɗai tsira: kamuwa ta ragu da kashi 63, mutuwa ta dalilin zazzaɓin ta ragu da kashi 73. Nijar ta fara yin allurar a Gaya a watan Satumba na 2024. Ba ta zo ta kori gidan sauro ba, ta zo ta kama masa ne. Haka nan a Madarunfa an gwada rigakafin wani mugun zawo na jarirai, wanda ake ɗigawa a baki, kuma yana jure zafi ko babu firiji. A 2017 aka bayyana cewa yana hana kashi biyu cikin uku na mai tsananin irin wannan zawo.

Jinin haihuwa

Ba yara kaɗai binciken ya shafa ba. Babu garin da bai binne mace ba saboda zubar jini bayan haihuwa. An daɗe ana auna jinin da ido. Ido kuwa yana ruɗi. Ungozoma ta ce bai yi yawa ba, ƙasa ta sha, zane ya sha, kafin a farga mace ta fara ganin duhu.

Wata ƴar Kano, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, tana cikin shugabannin wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Mata fiye da dubu 210 suka shiga. Dabarar ba ta da wuya. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu, an yi mata layukan awo. Jini ya taru a ciki, kowa na ganin inda ya kai. Da ya kai rabin lita ba a jira. A murza mahaifa, a yi allurai, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, duk a lokaci ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba. A 2023 aka bayyana sakamako. A asibitocin da suka ci gaba da yadda aka saba, mata 43 cikin 1,000 sun shiga mugun hali. A masu sabuwar dabara, 16 ne. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Awo aka yi, aka kuma bar jinkiri.

Ƙasarmu ma tana da nata labarin. An shigar da wani tsari a wuraren haihuwa na Nijar: ƙwayoyin misoprostol masu matse mahaifa, da ƴar balan-balan da ake sawa a mahaifa a cika da ruwa don ta danne jinin, da wata rigar roba da ake ɗaure mace da ita daga ƙafa zuwa ciki har a kai ta babban asibiti. An yi shekara 6 ana ƙidaya. Rahoton da ya fito a 2023 ya nuna mutuwar mata ta dalilin zubar jini a waɗannan wurare ta ragu da fiye da rabi.

Akwai wani adadi da muke so kowane magidanci ya haddace: awa 3. A cikin alluran nan akwai wadda ke taimaka wa jini ya daskare. An gwada ta a kan mata dubu 20 a ƙasashe 21, sakamako ya fito a 2017. In an yi ta cikin awa 3 da haihuwa, tana rage mutuwa da wajen kashi ɗaya cikin uku. In an wuce awa 3, ba a ga amfaninta ba. To, mu ƙidaya yadda awa ukun ke tafiya a garuruwanmu. Awa ɗaya ana cewa bari a gani. Awa ɗaya ana neman maigida da kuɗi. Awa ɗaya ana ɗaura amalanke. Kafin a isa asibitin Galmi ko na Ƙonni ko na Illela, lokaci ya ƙwace. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a kan hanya. Abin da ya fi shi ne mace ta haihu inda kayan aikin suke, a kuma san tun cikin yana wata bakwai wanda zai ɗauke ta da abin da zai ɗauke ta.

Masu shakka suna da hujja

Mun san akwai masu cewa ba su yarda a mai da ƴaƴansu abin gwaji ba. Ba za mu kira su jahilai ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996 an yi babbar annobar sanƙarau a Kano. Kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwaji da yara 200, wajen rabinsu aka ba sabon magani mai suna Trovan. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a nemi yardarsu ba. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar, ba maganin ba. Aka yi shekaru ana shari'a. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Amma amana in ta zube ba ta kwasuwa. A 2003, da wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan-inna, wannan labari yana cikin abin da mutane ke faɗa. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, mu ma ta ƙetaro mana. Yara suka shanye a gidajen da ba su taɓa jin sunan Trovan ba.

Ra'ayinmu shi ne kada mu rufe ƙofa, kada kuma mu buɗe ta ido rufe. Da an rufe ƙofa a Doso da Madarunfa, da har yau ba a san abin da muka lissafa a sama ba. Allurar sanƙarau da aka fara yi a ƙasar nan a 2010 ta kusan kawar da irin sanƙarau ɗin da ya fi kashe mu a da. A 2015 wani irin daban ya kama mutum fiye da 8,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 500. Sai aka gwada sabuwar allura mai maganin iri biyar a Mali da Gambiya, aka fara yin ta a Najeriya da Nijar a 2024. Iyayen Mali da Gambiya ne suka miƙa hannun ƴaƴansu, mu muka ci moriya. Wata rana mu ake nema mu miƙa.

Amma mai gida yana da ikon tambayar baƙo. In masu bincike sun zo gari, mu tambaye su wa ya aiko su. Su nuna takardar izini ta ma'aikatar lafiya. A Yamai akwai kwamitin ƙasa da ke duba kowane bincike kafin a taɓa jikin mutum. Mu ga shugaban likitar yankinmu tare da su. Su yi bayani da Hausa: mene ne maganin, me zai iya jawowa, wa zai ɗauki nauyi in yaro ya sami matsala. Akwai takardar yarda da ake sa wa hannu. Da can yatsa muke dangwalawa a kan abin da ba mu san ko mene ne ba. Yanzu a kowane gari akwai mai karatu, ya karanta wa jama'a a fili kafin kowa ya sa hannu. Wanda ya ce a'a yana da iko. Wanda ya shiga yana iya fita. Ba wanda zai hana shi magani a likita saboda haka. Yardar maigari tana buɗe ƙofar gari, amma ba ta maye gurbin yardar uwa da uba.

Sai sharaɗin da aka fi mantawa da shi. Tun ranar farko a yi alkawari cewa in an gama za a dawo a faɗa mana abin da aka gano, ko mai daɗi ko marar daɗi. A tara mu a inda aka tara mu da farko. A sa a rediyon karkara. A rubuta da harshenmu a takarda ɗaya da za a liƙa a bangon likita. Sa'an nan in maganin ya yi kyau, ya zo garuruwan da aka gwada shi, kada ya tsaya a birni. Ledar awon jini ba ta kai kuɗin buhun taki ba. Kwamitocin lafiya na garuruwanmu su tambaya ko akwai ta a ɗakin haihuwarsu, in babu su rubuta wa gunduma.

Akwai kuma ciwon da ya kamata mu da kanmu mu kai kuka a kansa. Ruwan madatsun Maggiya da hanyoyin ban-ruwa na Ƙonni da Galmi sun kawo mana albasa da alkama da aikin rani. Amma ruwan da ke kwance yana tara ƙananan dodon-koɗi, su kuwa ke ɗauke da tsargiya. Yaro yana fitsarin jini, wasu har suna cewa alamar girma ce. Ba girma ba ne, tsutsa ce ke cin mafitsararsa, tana rage masa jini da ƙarfi. Ana raba maganinta a makarantu, amma ƙwayar babba ce, ga ɗaci, ƙananan yara ba su iya haɗiye ta. Su kuwa suna bin iyayensu mata bakin ruwa tun suna goye. An gwada wata ƙaramar ƙwaya mai narkewa a ruwa, marar ɗaci sosai, a ƙasashen Kodibuwa da Kenya, domin yara daga wata 3 zuwa shekara 6. A ƙarshen 2023 hukumar magunguna ta Turai ta amince da ita, a 2024 OMS ta bi baya. Ƙungiyoyin manoman rani na Ƙonni da Galmi suna da murya, suna zama da hukuma a kan kuɗin ruwa da taki. A zama na gaba su sa maganar wannan ƙwaya a cikin abin da za a nema daga Yamai.